Rumbu Ya Cika, Mai Rumbu Yana Kwana da Yunwa: Tsokaci a Kan Manufar Fansho a Nijeriya

Gabatarwa

Duk lokacin da Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta fitar da rahoto, adadi guda ne jaridu ke ɗauka su sa a kanun labarai, shi ne yawan kuɗin da suka taru a asusun fansho. A ƙarshen shekarar 2024 kuɗin sun haura naira tiriliyan 22, masu asusun ajiya kuma sun wuce mutum miliyan 10. Wannan abin alfahari ne ga ƙasar da, shekara ashirin kafin nan, gwamnatinta ba ta da abin da ta ajiye wa tsofaffin ma'aikatanta sai tarin bashi. Sai dai a daidai shekarun da ake wannan shela, tsofaffin ma'aikata sun yi ta cincirindo a ƙofar ma'aikatu, a Abuja da manyan biranen jihohi, suna neman haƙƙinsu.

Ra'ayin da wannan maƙala take son kafawa shi ne, an daɗe ana auna nasarar manufar fansho da mudun da bai dace ba. Fansho albashi ne da aka jinkirta biya, don haka bashi ne a wuyan wanda aka yi wa aiki. Mudun auna shi kuwa shi ne abin da yake iya saya wa tsoho a kasuwa da kantin magani a ƙarshen wata. Idan aka auna da wannan mudu, za a ga cewa Nijeriya ta gina rumbu mai ƙarfi amma ba ta kafa wani mataki na ƙasa da za a ce babu tsohon da zai faɗa ƙarƙashinsa ba. Samar da wannan mataki, ga ma'aikacin gwamnati da wanda bai taɓa karɓar albashi ba, shi ne aikin da ya rage.

Daga Ina Aka Taso?

Fansho irin na zamani ya shigo ƙasar nan ne da mulkin mallaka. Dokar fansho ta 1951 ita ce ta aza harsashinsa, sannan Doka ta 102 ta shekarar 1979 ta tattara ƙa'idojin fanshon ma'aikatan gwamnati wuri guda. A wancan tsari ba a cire wa ma'aikaci komai daga albashinsa. Idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, gwamnati ce za ta biya shi giratuti a dunƙule, sannan ta ci gaba da ba shi wani kaso na albashinsa na ƙarshe har ya koma ga Mahaliccinsa. Wanda ya cika shekara 35 yana iya samun kashi 80 cikin ɗari na albashin.

Alkawarin yana da daɗin ji, amma ba a ajiye masa ko sisi ba. Daga kasafin kuɗin kowace shekara ake biya, kuma duk shekarar da aljihun gwamnati ya yi sanyi, 'yan fansho ne farkon waɗanda ake ce wa su yi haƙuri. Zuwa 2004 an ƙiyasta bashin fanshon ɓangaren gwamnati da kusan naira tiriliyan 2. Waɗanda suka yi wayo a wancan zamani ba su manta da layukan tantancewa ba, inda dattawa ke kwana a barandar ofis, wasu su yanke jiki su faɗi, yayin da sunayen 'yan fanshon bogi ke karɓar kuɗi ba tare da sun taka ko'ina ba.

A kan wannan ne gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka kwaikwayo daga tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. A sabon tsarin, wanda ake kira na karo-karo ko adashin gata, kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa. Shi da wanda yake yi wa aiki kowa yana zuba kashi 7.5 na albashi duk wata. Dokar 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu, ta ɗaga jimillar zuwa kashi 18, wato 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai ba da aiki. An kuma raba aikin gida biyu: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, PenCom kuma tana sa ido a kan duka biyun.

Adalci ne a faɗi cewa wannan gyara ya toshe babbar kafa. Manyan badaƙalolin da suka girgiza ƙasa duk a tsohon tsari suka faru. John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda, wanda a 2013 kotu ta ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida a 2018, da Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗaure shekara takwas a 2021, dukkansu kuɗin tsohon tsari ne suka bi ta hannunsu. Saboda haka masu kiran a rushe tsarin karo-karo a koma gidan jiya ya kamata su tuna abin da ya kore mu daga gidan jiyan.

Wa Aka Ɗora wa Kayan?

Abin da ba a cika bayyana wa ma'aikata ba shi ne, gyaran 2004 ya sauya wanda zai ɗauki asara idan al'amura suka lalace. A tsohon tsari gwamnati ce ta ɗauki alkawarin adadin da za a biya. A sabon tsari adadin da za a zuba kawai aka ƙayyade, abin da za a kwasa kuwa ya danganta ga yawan albashi, da ribar da aka samu, da darajar naira a ranar da mutum ya ajiye aiki, da kuma tsawon ran da Allah ya ba shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake hannun ma'aikaci. Giratuti ma, wanda da shi ne malamin makaranta ko masinja kan kammala ginin gida ko ya aurar da 'ya'ya, dokar ta kawar da shi a matsayin haƙƙi na daban ga ma'aikatan tarayya. Abin da ake ba mutum a dunƙule daga cikin asusunsa ake yanka, kuma gwargwadon abin da ya yanka gwargwadon raguwar abin da zai riƙa karɓa duk wata.

Mafi nauyin kayan shi ne hauhawar farashi. Lissafin ba shi da wuya. Idan farashi yana tashi da kashi 25 cikin ɗari a shekara, cikin shekara uku kaya sun kusa ninkawa, ke nan fanshon da bai motsa ba ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Wannan kuwa ba zato ba ne a Nijeriya. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni. Dalar da ake canzawa a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na 2024.

Mai aiki yana da ƙungiyar ƙwadago da makamin yajin aiki, shi ya sa mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Ɗan kasuwa yana ƙara farashin hajarsa. Ɗan fansho ba shi da aikin da zai ƙaurace wa, ba shi da hajar da zai ƙara wa kuɗi. Idan ya zaɓi ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora domin a riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa, galibi adadin da aka yanka masa a ranar farko shi zai ci gaba da karɓa. Idan ya bar su a hannun kamfanin fansho ana tsakuro masa duk wata, akan yi masa ɗan ƙari jefi-jefi idan asusun ya yi riba, amma ribar ba ta kamo ƙafar farashi ba a shekarun 2023 da 2024.

Akwai wani abin lura a nan. Fiye da rabin tiriliyoyin da ake alfahari da su an zuba su ne a takardun lamunin Gwamnatin Tarayya. Wato gwamnati ce babbar mai cin bashi daga rumbun ma'aikata. A duk shekarar da ribar takardun ta gaza hauhawar farashi, mai bin bashi ne ya yi asara, wanda ake bi ya samu sauƙi. Haraji ne da ba a rubuta a kowace doka ba, kuma tsofaffi ne ke biyansa.

Dokar da Ke Kwance a Takarda

Wani zai ɗauka cewa dokokinmu ba su hango wannan matsala ba. Sun hango ta sarai. Sashe na 173(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko a duk lokacin da aka yi wa ma'aikatan tarayya ƙarin albashi, duk wanda ya riga zuwa. Sashe na 210(3) ya ɗora wa jihohi irin wannan wajibi. Dokar 2014 kuma ta yi tanadin mafi ƙarancin fansho ga waɗanda abin da suka tara bai taka kara ya karya ba, ta kafa Asusun Kare Fansho wanda ya kamata gwamnati ta riƙa zuba masa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatanta. Shekara goma cif bayan sanya hannu a dokar, ba a fara biyan wannan mafi ƙarancin fansho ba.

Haka abin yake ga haƙƙin waɗanda suka fara aiki kafin 2004. Shekarun da suka yi a tsohon tsari bashi ne a kan gwamnati, kuma doka ta ce a riƙa ware kashi 5 cikin ɗari na jimillar albashi a Babban Banki domin biyansa. Da yake a baya ba a cika sakin kuɗin a kan kari ba, sai ma'aikaci ya yi ritaya ya zauna watanni, wani lokaci fiye da shekara, babu albashi babu fansho, domin ba a buɗe masa asusunsa sai kason gwamnati ya shigo. Kuɗin da aka cire daga guminsa suna nan, yana ganin adadinsu a wayarsa, amma ba shi da ikon taɓawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A watan Fabrairu na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a sayar da takardun lamuni na naira biliyan 758 domin biyan waɗannan basussuka, ciki har da ƙarin fanshon da ya taru tun daga 2007, da kason Asusun Kare Fansho, da cikon fanshon farfesoshin jami'a. Mataki ne da ya cancanci yabo. Amma ya kamata a karanta shi da kyau, domin shaida ce daga bakin gwamnati kanta cewa an riƙe haƙƙin mutane na tsawon shekara goma sha takwas. Naira ɗaya ta 2007 ba ita ce naira ɗaya ta 2025 ba, kuma da yawa daga cikin masu haƙƙin magadansu ne za su karɓa. Biyan bashi da wani bashin yana share na baya, amma ba ya hana wani ya sake taruwa matuƙar ba a sauya ɗabi'ar da ta haifar da shi ba.

Masu Dafa Tuwon Ba Sa Ci

Hanya mafi sauƙi ta gane ingancin tsari ita ce a dubi waɗanda suke da ikon ficewa daga cikinsa, a ga ko sun zauna. A 2011 aka yi wa dokar kwaskwarima aka fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri. A 2023 ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa suka samu tasu hukumar fansho. Alƙalai dama suna da nasu tanadi a sashe na 291 na kundin tsarin mulki. Tsofaffin 'yan sanda sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman a fitar da su su ma. Duk wanda ya samu ƙofa yana fita, ana barin malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da akawu a ciki ana yi musu wa'azin alfanun tsarin.

A saman wannan akwai fanshon tsofaffin gwamnoni. Tun daga dokar da jihar Legas ta yi a 2007, jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni da mataimakansu tanadin gidaje da motoci da kuɗin jinya, saboda aikin shekara huɗu ko takwas. A watan Nuwamba na 2019 Majalisar Dokokin Zamfara ta soke irin wannan doka bayan da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili, inda yake neman a ci gaba da biyansa naira miliyan 10 duk wata. Imo da Kwara su ma sun soke tasu daga baya. Kuɗin da ake kashewa a nan ba za su biya dukkan 'yan fansho ba, gaskiya ne. Illarsu ta fi ƙarfi ta wani wajen. Shugaban da tsufansa ba ya rataye a kan tsarin da ya gina wa jama'a ba shi da abin da zai hana shi barci idan tsarin ya lalace.

A jihohi ne ma abin ya fi tsanani, domin dokar tarayya ba ta tilasta musu bin tsari guda ba. Kaduna ta koma cikakken tsarin karo-karo a 2017. Jigawa da Kano suna bin wani tsari na tsaka-tsaki, inda ake karo-karo a asusu guda amma adadin da za a biya a ƙayyade yake. An daɗe ana misali da Jigawa wajen biya a kan kari, alhali gwamnatin da ta hau mulki a Kano a 2023 ta bayyana cewa ta gaji bashin giratuti na kimanin naira biliyan 48, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Maƙwabta biyu, tsari kusan iri ɗaya, sakamako daban. Darasin shi ne, sunan tsari ba ya biyan kowa. Abin da ke raba jiha da jiha shi ne ko ana zuba abin da aka cire daga albashi a inda ya kamata, kuma ko ana barin kuɗin su kwana a can.

Waɗanda Ba a Lissafa da Su

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya shafi tsiraru ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin aikin albashi mai rajista. Manomin da ya shekara hamsin yana ciyar da birni, da makiyayi, da ɗan dako a kasuwar Dawanau, da mai ƙosai, da matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana raino da surfe, babu ɗayansu da ke da lambar asusun fansho. Ranar da ƙarfi ya ƙare, ranar samu ya ƙare. Mata ne suka fi shiga wannan hali, domin kaɗan ne daga cikinsu suka yi aikin albashi, kuma da yawa sukan rayu shekaru bayan mazajensu.

A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho domin masu sana'ar hannu, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, yana da damar cire kashi 40 idan buƙata ta taso, a ajiye masa 60 sai tsufa. A 2021 PenCom ta buɗe asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, abin da ya kawar da wani babban uzuri ga Musulmi. Duka biyun tunani ne mai kyau, amma waɗanda suka shiga ƙaramin tsarin ɗigo ne a cikin teku. Dalilin a bayyane yake. Wanda abin da ya samu yau bai kai shi gobe ba, ba za a ce ya yi tanadin shekara talatin ba, balle a kuɗin da yake gani suna narkewa a hannunsa. Wanda ya samu rara kuwa ya fi yarda da tunkiya ko buhun masara ko fili, kuma idan aka dubi abin da ya sami naira, da wuya a ce ya yi wauta.

Akan ce ai mu al'adarmu ta wadatar, ɗa ne fanshon ubansa, ga zumunci, ga zakka. Babu mai musun darajar waɗannan, kuma har gobe su ne ke riƙe da mafi yawan tsofaffinmu. Amma ɗan da ake dogaro da shi yana birni yana tuƙa babur mai ƙafa uku, kuɗin haya da na makaranta sun sha masa kai. Gandun da ke haɗa iyali a gona ɗaya ya rarrabu. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno rashin tsaro ya raba dubban tsofaffi da gonakinsu da dabbobinsu, waɗanda su ne ajiyarsu ta tsufa. Yawaitar dattawa masu bara a bakin masallatai da mahaɗar tituna ta isa shaida cewa igiyar ta yi rauni. Hukumomin zakka da waƙafi, irin na Sakkwato da Kano da Zamfara, suna ƙoƙari, amma abin da suke tarawa bai kai ya zama abin dogaro na wata-wata ga kowane tsoho ba. Sashe na 16(2)(d) na kundin tsarin mulki ya ambaci kula da tsofaffi da fansho ga dukkan 'yan ƙasa, bai ce ma'aikatan gwamnati kawai ba. Kasancewar ba a iya kai ƙara kotu a kan wannan babi bai sauke nauyin daga wuyan masu mulki ba.

Ina Za a Samo Kuɗin?

Wannan ita ce tambayar da ake rufe bakin kowa da ita, kuma ta cancanci amsa da lissafi. Ƙasashen Afirka da dama suna biyan tsofaffi fansho daga baitulmali ba tare da sharaɗin sun taɓa aikin albashi ba. Botswana ta fara a 1996, Lesotho a 2004 ga duk wanda ya kai shekara 70, Zanzibar a 2016, Kenya a 2018. Afirka ta Kudu da Namibiya suna biya tun daga shekara 60. Lesotho ba ta da rijiyar mai ko ɗaya. Chile kanta, wadda muka kwafo tsarinta, ta gano cewa asusun kowa-tasa-ta-fisshe-shi yana barin talakawa a baya, shi ya sa a 2008 ta ƙara wani ginshiƙi da gwamnati ke biya daga haraji, ta kuma faɗaɗa shi a 2022. Mun kwafi darasin farko, mun rufe littafin kafin a zo na biyu. A cikin gida ma an taɓa gwadawa, domin a 2011 jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 duk wata.

Nijeriya ƙasar matasa ce, waɗanda suka haura shekara 65 ba su kai kashi 4 cikin ɗari na jama'a ba. A ƙaddara waɗanda suka kai 70 mutum miliyan 4 ne, a ba kowannensu naira 15,000 a wata. Jimilla naira biliyan 720 ke nan a shekara. Kasafin kuɗin tarayya na 2025 ya kusa naira tiriliyan 55, ke nan abin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, kafin ma a raba nauyin da jihohi. Tallafin fetur kuwa ya ci fiye da tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. An ce an cire shi ne domin a karkatar da kuɗin ga talaka. Babu talakan da ya fi cancanta irin wanda ƙarfinsa ya ƙare.

Akwai fargabar cewa za a cika rajistar da sunayen bogi, kuma tarihinmu ya ba da dalilin wannan fargaba. Amma sharaɗin shekaru ya fi sharaɗin talauci sauƙin tabbatarwa da wuyar murɗawa, domin ba ya buƙatar wani jami'i ko ɗan siyasa ya zaɓi wanda ya ga dama. Ga lambar shaidar ɗan ƙasa, ga lambar banki, ga masu unguwanni da dagatai da suka san kowane tsoho a yankinsu. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 domin 'yan tsohon tsari, ta riga ta fara tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye ta hanyar waya, ba tare da an taso shi daga ƙauye ba.

Kammalawa

Abin da ake buƙata bai kai rushe gini ba. Na farko, a fara biyan mafi ƙarancin fansho da dokar 2014 ta tanada, a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi ta yadda duk ranar da ɗaya ya motsa ɗayan zai bi shi, ba sai an kafa kwamiti ba. Na biyu, kason fansho na tarayya da na jihohi ya zama cikin abin da ake cirewa tun daga tushe kafin a raba kuɗin wata, kuma jami'in da ya cire kuɗi daga albashin ma'aikaci bai zuba ba a tuhume shi da kansa. Na uku, gwamnati ta fitar da takardun lamuni waɗanda ribarsu ke bin hauhawar farashi, domin kada mai cin bashi ya ci gaba da cin riba daga faɗuwar naira. Na huɗu, inshorar lafiya ta bi ma'aikaci har bayan ritaya, tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta riga ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Na biyar, a kafa fanshon bai-ɗaya ga duk wanda ya kai shekara 70, da doka, domin kada ya mutu da gwamnatin da ta kawo shi. Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda aka sanya wa dokarta hannu a 2018, tana iya riƙe rajistar.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan jami'o'i da masana harshe. Mafi yawan takardun da ɗan fansho ke sa wa hannu da Ingilishi suke, cike da kalmomin da ko mai digiri sai ya nemi bayani, alhali zaɓin da zai yi a ranar tsakanin inshora da tsakure, idan inshora ya zaɓa, shi zai bi shi har kabari. Samar da waɗannan bayanai cikin Hausa mai sauƙi, da daidaita kalmominsu, da yaɗa su a rediyo, hidima ce da sassan nazarin harsuna za su iya yi tun yanzu.

Matashin ma'aikaci yana kallon yadda ake yi da wanda ya gada a kujera, kuma daga nan yake yanke shawarar yadda zai riƙe amanar da ke hannunsa. Duk wa'azin yaƙi da cin hanci da za a yi masa, abin da ya gani a layin 'yan fansho ya fi shi ƙarfi. Saboda haka, idan PenCom ta sake fitar da rahoto, ya kamata 'yan jarida da 'yan majalisa su nemi adadi biyu da ba a saba tambaya ba: nawa ne matsakaicin abin da ɗan fansho ke karɓa a wata, kuma mudu nawa na masara yake saya idan aka kwatanta da bara.